Tantin mutum ɗaya mara nauyi: a sayi na Dyneema ko a tsaya a na poliyesta?

Bakatsine_a_Glasgow
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatu a Glasgow, kuma idan Allah ya kai mu ƙarshen watan Mayu, bayan an gama jarrabawa, ina da niyyar taka hanyar West Highland Way ta ƙasar Sikotland da ƙafa, daga Milngavie zuwa Fort William, wato kilomita 154, ina goye da kayana ina kwana a tanti. Jakar baya da jakar barci da katifar iska duk na same su, saura tantin, kuma a nan ne na rasa ta cewa. Iri biyu ne suka tsaya mini a rai. Akwai waɗanda ake yi da yadin Dyneema, irin su Plex Solo na kamfanin Zpacks, mai nauyin gram 400 ko kusa da haka, amma kuɗinsa ya kai wajen dala 600. Akwai kuma na poliyesta, irin su X-Mid 1 na Durston, wanda ya kusa ninka wancan a nauyi, amma kuɗinsa bai kai rabi ba. Ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan harka su faɗa mini gaskiya: gram 300 zuwa 400 da mutum zai rage a bayansa sun cancanci wannan kuɗi, ko kuwa tallar 'yan kasuwa ce ta ɗebe ni?

MaiSandaBiyu
Wa alaikumus salam. Ni a jihar Oregon ta Amurka nake zaune, kuma na taka sassa daban-daban na Pacific Crest Trail, hanyar da ta taso daga iyakar Meziko har iyakar Kanada, tsawon kilomita 4,265. Duk inda aka yada zango da yamma a wannan hanya za ka ga tantunan Dyneema birjik, kuma masu su ba don ƙawa suka saya ba. Wanda zai yi wata huɗu ko biyar yana cin kilomita 30 ko 40 kullum, gwiwarsa da kafaɗarsa sun san kowane gram da ya ɗora musu. Masu bin wannan salon tafiya, wanda wani matafiyi Ba'amurke mai suna Ray Jardine ya yaɗa tun shekarun 1990, suna ƙoƙarin kada kayansu gaba ɗaya, ban da abinci da ruwa da gas, su wuce kilo 4.5, kuma ba yadda za a yi ka kai nan idan tanti kaɗai ya cinye kilo 2. Sannan yadin Dyneema ba ya shan ruwa ko kaɗan. Ko kwana aka yi ana sheƙa ruwa, da safe ka karkaɗe shi, ka goge da ɗan ƙyalle, ka naɗe, nauyinsa yana nan kusan yadda yake. Sikotland kuwa ƙasar ruwa ce. In da kuɗin a hannunka, ban ga abin jira ba.

Injiniyan_Masaƙa
Malam MaiSandaBiyu ya faɗi gaskiya game da ruwa, amma akwai abin da ya kamata mai tambaya ya sani kafin ya zuba kuɗinsa, kuma tunda sana'ata ta shafi yadi, bari in ɗan yi bayani. Abin da ake kira yadin Dyneema ba saƙa ba ne. Zaruruwa ne na wata roba mai ƙarfin gaske aka jera su, aka manne su tsakanin ledoji biyu sirara. Asalinsa an ƙirƙiro shi ne don jiragen ruwa na tsere masu tafiya da iska, jirgin America³ da ya ci gasar America's Cup a 1992 ya yi amfani da shi, shi ya sa tsofaffin matafiya har yau suke kiransa Cuben Fiber. Irin wanda ake rufin tanti da shi bai kai gram 20 a kowace murabba'in mita ba. Idan ka ja shi da ƙarfi ba zai yage ba, ba zai kuma miƙe ba, amma ledar da ta rufe zaren ba ta jure gogayya, kuma yawan naɗewa da warwarewa a wuri guda yana sa ta fara ƙananan huji. Saboda haka, duk da tsadarsa, yawanci ba ya kai yadin da aka saƙa daɗewa.

Su kuwa nailan da poliyesta saƙa ne, ana shafa musu silikon don kada ruwa ya ratsa. Lambar da za ka gani kamar 15D ko 20D kaurin zaren take nufi: zaren da tsawonsa ya kai mita 9,000 aka auna, nauyinsa a gram shi ne lambar. Bambancin da ya shafe ka shi ne nailan yana tsotse ruwa ya saki jiki, sai ka ga tantin da ka ɗaure tamau da magariba ya yi laushi cikin dare har rufin yana taɓa fuskarka, dole ka fito ka sake jan igiyoyi. Poliyesta kaɗan yake tsotsa, ba ya wannan sakin jiki sosai, kuma ya fi jure hasken rana. Wato rabin falalar da ake faɗa wa Dyneema a kan ruwa, poliyesta ma yana da ita.

'Yar_Zazzau_Edinburgh
Ɗan'uwa Bakatsine, kafin ka damu da gram, ka damu da ƙwari. Daga ƙarshen Mayu har zuwa Satumba, ƙananan ƙwarin nan masu cizo da ake kira midges suna fitowa a yammacin Sikotland, musamman da sassafe da yamma idan iska ta kwanta. Ƙanƙantarsu ta sa ragar gidan sauron da muka saba da ita ba ta tare su, ta cikin idon ragar suke wucewa. Duk tantin da za ka saya, ka tabbata ragarsa mai ƙananan ido ce kuma zif ɗin yana rufewa ruf. Wani abin kuma da maza ba su cika ambata ba: siririn Dyneema yana nuna abin da ke ciki. Idan aka kunna fitila da dare, na waje yana ganin inuwar mutum sarai, wannan kaɗai ya sa ni ban saye shi ba. Kai ko sutura ba ta dame ka ba, ka tuna a watan Yuni rana tana fitowa wajen ƙarfe 4:30 na safe a can, hasken zai shigo maka kai tsaye.

Baban_Shere
'Ya'yana, ku yi mini haƙuri in sa baki. Na daɗe ina kai ɗalibai duwatsun Shere a nan Jos, muna kwana a tantunan kyanbas waɗanda sai yara biyu sun kama kafin a ɗaga guda. Ban ce a koma wancan zamani ba. Amma ku auna: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Gram 350 da ake muhawara a kai ruwan da bai cika ƙaramar gora ba ne. Yaron nan tafiyar mako guda zai yi, ba wata biyar ba. Ya bar rigar sanyi ta biyu da na'urar cajin waya mai nauyi a gida, ya riga ya rage wannan nauyin ba tare da ya kashe sisi ba.

MaiSandaBiyu
Baba, Allah ya ƙara girma, lissafinka daidai ne, sai dai ruwa ana shanye shi nauyin ya ragu, shi kuwa tanti yana bayanka daga fitowa har komawa. Kuma wanda ya ce gram 350 ba komai ba ne a tanti, zai faɗi haka a jaka, ya faɗa a katifa, ya faɗa a tukunya, kafin ya ankara kilo 3 sun taru.

Bakatsine_a_Glasgow
Na gode muku ƙwarai. Baba, na ji shawararka, kuma gaskiya ne a jerin kayana akwai abubuwan da tsoro ne kawai ya sa na rubuta su. Wani abin da ban ambata ba shi ne duka tantunan biyu da sandar dogarawa ake kafa su, Plex Solo da sanda ɗaya, X-Mid da biyu, ni kuwa ban taɓa tafiya da sanda ba. Shin wanda ba ya riƙe sanda ya kamata ma ya duba irin waɗannan?

Lissafi_Dalla
Wannan ita ce tambayar da ta fi ta farko muhimmanci. Nauyin da kamfanoni ke rubutawa a jikin irin waɗannan tantuna ba ya haɗa da sanda, sau da yawa ba ya haɗa da turaku ma. Sandunan dogarawa biyu na aluminiyam suna kai gram 400 zuwa 500, turaku shida ko takwas kuma su ƙara gram 60 zuwa 100. Idan da ma kana tafiya da sanda a hannu, to ka ci riba, domin abu ɗaya ya yi maka aiki biyu. Idan kuwa don tanti kaɗai za ka ɗauke su, sai ka haɗa lissafin duka ka kwatanta da mai tsayawa da kansa, irin Copper Spur UL1 na Big Agnes, wanda da sandunansa da komai ya ɗan haura kilo ɗaya. Za ka ga tazarar ta tsuke sosai. Akwai kuma siraran sandunan kabon da ake sayarwa don kafa tanti kawai, ba su da nauyi, amma wani kuɗin ne daban. Ra'ayina dai ka koyi riƙe sandar, domin a hanyar taka, gangaren da ake yi daga tudun Devil's Staircase zuwa garin Kinlochleven doguwa ce, gwiwa tana neman taimako.

Ummu_Hanan
Ba wanda ya yi maganar raɓa har yanzu, alhali a ƙasa mai danshi ita ce ke hana mutum barci. Numfashinka da jiƙaƙƙun kayanka da danshin ƙasa duk suna tashi su tarar da rufin da ya yi sanyi, sai su koma ruwa a jikinsa ta ciki. Ba yoyo ba ne, kuma babu yadin da ya tsira daga wannan, ko nawa aka saye shi. Plex Solo rufi ɗaya gare shi, saboda haka idan ka tashi zaune kanka ya gogi rufin, ko ƙasan jakar barcinka ya taɓa bango, ka jiƙe. Jakar barci ta gashin tsuntsu kuwa idan ta jiƙe ɗuminta ya tafi. X-Mid 1 rufi biyu ne, akwai ɗakin ciki na raga da ya raba ka da jiƙaƙƙen rufin, kuma rufin waje ake fara kafawa, don haka ko ana ruwa ɗakin ciki ba ya jiƙa. Na taɓa kwana a gefen tafki a cikin wani mai rufi ɗaya, ba a yi ruwa ba ko ɗigo, amma da iska ta kaɗa rufin da asuba sai raɓar ta riƙa zubo mini a fuska.

MaiSandaBiyu
Hajiya Ummu_Hanan, ai wurin da kika kafa ne ya jawo. Gefen ruwa da cikin kwari su ne matattarar sanyi da danshi. Idan aka ɗan hau tudu, aka shiga ƙarƙashin itatuwa, aka bar ƙofa ɗaya a buɗe, raɓar tana raguwa ƙwarai. Kuma mai rufi biyu ma yana yin raɓa, ɓoye maka ita kawai yake yi, da safe ka naɗe ta ka goya.

Ummu_Hanan
Haka ne Malam, amma a Oregon kana da dajin da za ka zaɓi wuri. A Rannoch Moor, da hanyar Bakatsine za ta ratsa, ina itatuwan? Fili ne fetal mai dausayi, inda ka samu busasshiyar ƙasa nan za ka kafa, kuma barin ƙofa a buɗe yana da iyaka idan ruwa yana zuwa a karkace.

Mai_Gangirwal
Ina bin wannan muhawara da sha'awa, domin mu ma a gida muna da wuraren da ake buƙatar irin wannan ilimi. Na hau Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419, a ɓangaren gandun dajin Gashaka-Gumti da ke jihar Taraba. Ba a shiga sai da izini da rakiyar ma'aikatan gandun, kuma galibi akan ɗauki masu dako, saboda haka nauyin tanti bai dame mu kamar yadda ya dami Bakatsine ba. Abin da ya dame mu shi ne ƙasan tantin. Ciyawar da aka ƙone tana barin kututture masu tsini, ga duwatsu, ga kwarkwasa da ke bi cikin dare, ga sauro a ƙasa-ƙasa kusa da koguna. Wanda ya zo da tamfol kaɗai babu raga babu ƙasa, kamar yadda wasu Turawa masu son sauƙin kaya suke yi, zai gane kurensa. A ƙasar da ake zazzaɓin cizon sauro, raga ba abin da ake cirewa ba ne don a rage gram. Ni yanzu ko wane tanti zan ɗauka, sai na haɗa da shimfiɗar da zan sa a ƙarƙashinsa.

Dan_Abzin
Gaisuwa daga Agadas. Abin da ɗan'uwa Mai_Gangirwal ya faɗa, a wajenmu ya ninka. A duwatsun Bagzan da kewayensu mafi yawan darare ba a bukatar rufi, tabarma da bargo sun isa, ana kafa tanti ne saboda iska da sanyin hunturu da kunama. Amma ƙaya da ƙarangiya ba sa barin siririn yadi ya kwana lafiya, katifar iska kuwa dare ɗaya ya ishe ta. Sannan tantin da sai an ja shi da turaku yake tsayawa yana ba da wahala a rairayi, domin turken ba ya kamawa, a kan dutse kuma ba ya shiga, sai dai ka ɗaura igiyar a jikin dutse ka danne da wani. A nan mai tsayawa da kansa ya fi. Ƙura ma tana cinye zif, musamman ƙananan zif ɗin da ake sa wa tantuna marasa nauyi. Kuma wanda ke goye da lita 6 na ruwa ba zai tsaya jayayya a kan gram 300 ba.

Tela_Sabon_Gari
Don Allah ina da tambaya ga Injiniya. Ni tela ne, na ga hotunan waɗannan tantuna, ɗinkin bai fi ƙarfina ba. Idan na samu yadin lema ko na rigar ruwa a Kantin Kwari, ba zan iya ɗinka irinsa ba?

Injiniyan_Masaƙa
Malam Tela, za ka iya, kuma da yawa daga cikin ƙananan kamfanonin da ake ambata a nan da keken ɗinki ɗaya a gida suka fara. Matsalar yadin ce. Wanda za ka samu a kasuwa yawanci mai kauri ne, an shafa masa roba ta gefe ɗaya, zai yi tanti mai kyau amma ba mara nauyi ba. Siririn mai silikon sai dai ka yi odarsa da mita daga waje, kuma yana da santsi ƙwarai, sai da siririyar allura da zaren poliyesta da haƙuri. Bayan ɗinki dole a toshe ramukan allura: ana tsinka silikon da man da ake tsinka fenti da shi, a shafa a kan ɗinkin da ɗan buroshi, a bar shi ya bushe. Wasu tantunan da ake sayarwa ma, irin Lanshan 1 Pro na kamfanin 3F UL Gear na ƙasar Sin, mai saye ne ke yin wannan da kansa ko ya biya a yi masa.

Tunda an zo maganar shafin roba, ga gargaɗi ga duk mai ajiye tanti a gida Nijeriya ko Nijar. Shafin da ake kira PU yana lalacewa idan zafi da danshi suka haɗu masa, sai ya fara danƙo da wari yana ɓarewa. Wani tanti da na bari a naɗe cikin sito ya wuce damina guda, da na buɗe shi sai da na ɓamɓare shi da hannu. A shanya shi ya bushe sarai, a ajiye a sake cikin babban buhu, a wuri mai iska.

Abu_Sumayya
Akwai abin da ya shafe mu wanda ba za ka gani a bayanin kamfani ba, wato salla. Waɗannan tantuna tsayinsu a tsakiya bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, zama kawai ake yi a ciki. Ni a waje nake yin sallata, da rigar ruwa idan ana yayyafi, a kan 'yar shimfiɗar da nake zama a kai. Ga wanda zai je Sikotland, lokacin magariba da asuba shi ne daidai lokacin da ƙwarin da 'Yar_Zazzau ta ambata suke fitowa, don haka ragar rufe kai da safar hannu su zama cikin aljihunka. Hukuncin yin ta a zaune a ciki idan hadari ya tsananta, wannan malamai za a tambaya. Abin da zan ce a kan zaɓin tanti shi ne ka duba girman zaurensa, wato filin da ke tsakanin ƙofar ciki da rufin waje, domin nan za ka ajiye jiƙaƙƙen takalmi da buta da jaka. Kada kuma sanyi ya sa ka kunna risho a cikin rufaffen tanti. Hayaƙinsa marar wari yana kisa, yadin kuma nan da nan yake kamawa da wuta.

Shugaban_Dandali
Jama'a, bayanan suna da amfani, amma mun yi nisa daga tambayar. Maganar ɗinki a buɗe mata zare nata daban. Mu koma kan Bakatsine da tafiyarsa ta watan Mayu.

Bagobiri_a_Suwidin
To bari in koma kai, amma ta wata fuska. Ni ban yarda da duka biyun ba. Na taka arewacin hanyar Kungsleden ta nan Suwidin daga Abisko, hanyar da tsawonta duka ya kai kilomita 440 zuwa Hemavan, inda ake kwana a sama da iyakar itatuwa, babu abin da zai tare maka iska. A irin wannan wuri abin da mutum ke so shi ne tantin da zai kwanta a ciki ya yi barci ba tare da yana sauraron turaku ba. Akto na kamfanin Hilleberg, wanda ya fito tun 1995, kilo 1.7 ne, ƙaninsa Enan kuma kilo 1.2, kuma Turawan Birtaniya da yawa da su suke yawo a tsaunukan Sikotland. Tantin sanda idan turke ɗaya ya tumɓuke cikin dare, gaba ɗaya yake ruftowa a kanka. Araha ba ta ado, rashin nauyi ma yana da farashinsa.

'Yar_Zazzau_Edinburgh
Malam Bagobiri, Akto ma ai sai da turaku yake tsayawa, kuma kuɗinsa ba ya ƙasa da na Dyneema. Sannan West Highland Way ba Kungsleden ba ce. Wuri mafi tsawo a hanyar bai wuce mita 550 ba, kuma kusan kullum kana ratsa gari ko masauki: Drymen, Balmaha, Tyndrum, Bridge of Orchy, Kingshouse. Idan hasashen yanayi ya nuna guguwa, mutum ya kwana a sansanin da ake biya ko ya nemi gado. Sayen tantin hunturu saboda tafiyar ƙarshen Mayu a wannan hanya wuce gona da iri ne.

Ɗan'uwa Bakatsine, ga abin da ya fi wannan gaggawa. Dokar 2003 ta ba kowa damar kafa tanti a mafi yawan filayen Sikotland, amma gabashin tafkin Loch Lomond, da hanyarka za ta bi, yana cikin wuraren da aka keɓe: daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Satumba ba a kwana a can sai a sansani ko da takardar izini, kuma guraben suna cika da wuri. Ka tsara kwananka na wannan yanki tun yanzu. Ka kuma riƙa duba jikinka kowace yamma saboda kaska, domin tana ɗauke da cutar Lyme.

Lissafi_Dalla
Ƙari a kan kuɗi: farashin dalar da ka gani ba shi za ka biya ba. Kayan da aka aiko daga wajen Birtaniya ana ɗora musu harajin VAT na kashi 20 cikin 100, ga kuɗin aikawa, wani lokaci da na kwastan. A kan tantin dala 600 wannan ƙarin kaɗai ya kusa sayen Lanshan sabo. Ka fara duba ko akwai dillali a cikin ƙasar.

Bakatsine_a_Glasgow
Allah ya saka wa kowa da alheri. Maganar izinin Loch Lomond ban san da ita ba sam, yau zan duba. Zuciyata ta karkata ga na poliyesta mai rufi biyu, saboda raɓa da kuma aljihun ɗalibi, sai dai maganar Malam MaiSandaBiyu ta tsaya mini, domin idan wannan tafiya ta yi daɗi ina da burin doguwa a gaba, kuma ba na son sayen tanti sau biyu. Wani abokin karatuna ya ce zai ara mini nasa mai sanda ɗaya in gwada dare guda a kusa da gari kafin in yanke shawara. Ina da tsawo, na kai santimita 188, shin wannan zai canza lissafin?

Ummu_Hanan
Zai canza sosai. Tantin sanda ɗaya bangonsa a karkace yake, tsawon da aka rubuta na ƙasa ne, amma da zarar ka hau katifa mai kaurin santimita 7 ko 8, kanka da ƙafarka sun matso kusa da rufin. Idan za ka gwada na abokin naka, ka tafi da katifarka da jakar barcinka, ka kwanta ka miƙe, ka tashi zaune ka canza riga a ciki, sannan ka san ko ya ishe ka.

MaiSandaBiyu
Zpacks suna da Altaplex da aka yi don dogaye, Durston ma yana da X-Mid Pro 1 na Dyneema, wanda bai kai rabin kilo ba, saboda haka tsawo ba hujjar barin Dyneema ba ne. Ni har yanzu ina kan bakana: wanda ya san zai yi doguwar tafiya, gara ya saya sau ɗaya. Idan sabo ya yi tsada, ana samun na hannu a dandalin matafiya, mutane da yawa suna sayarwa bayan tafiya guda.

Injiniyan_Masaƙa
Na hannu a Dyneema sai an yi hattara fiye da na poliyesta, saboda dalilin da na faɗa tun farko. Wanda ya gama Pacific Crest Trail da tanti ya riga ya ci mafi yawan rayuwarsa, ko da a hoto yana sheƙi. Idan za ka saya, ka nemi a kafa shi a gabanka, ka shiga ciki da rana ka duba rufin ta fuskar haske, ƙananan hujin za su bayyana, musamman a layin naɗi da kusurwoyin da ake ɗaura igiya. Ka ja zif ɗin sama da ƙasa ka ga ko yana buɗewa ta baya, ka kuma tambayi dare nawa aka kwana a ciki. Huji ɗaya ko biyu ana liƙe su da tef ɗin da aka yi don yadin, amma idan ledar ta fara rabuwa da zaren a wurare da yawa, gyara ba ya riƙe ta, ko an rage maka rabin kuɗi kada ka karɓa.